Joshua da Fury: idan an haɗa su, wa zai yi nasara?

Ɗan Sabongari:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar damben boksin. Tambayata a kan damben nan ne da aka daɗe ana kwaɗaita mana shi amma har yau ba mu gan shi ba, wato na Anthony Joshua da Tyson Fury a ajin masu nauyi. A shekarar 2021 magana ta yi nisa har an tsayar da watan Agusta a ƙasar Saudiyya, a lokacin Joshua yana riƙe da kambun duniya na hukumomin dambe na WBA da IBF da WBO, Fury kuma yana riƙe da na WBC, sai mai sasanci a Amurka ya yanke hukuncin cewa wajibi ne Fury ya sake karawa da Deontay Wilder a karo na uku, shirin ya wargaje. A ƙarshen 2022 an sake tayar da zancen, har aka ambaci watan Disamba, shi ma ya bi ruwa.

Yanzu babu kambu a hannun ko ɗaya daga cikinsu. Oleksandr Usyk ya doke kowannensu sau biyu, Daniel Dubois ya buge Joshua a turmi na biyar a filin Wembley a watan Satumban 2024, Fury kuma ya sanar da ritaya a watan Janairun 2025. Amma duk mai bin labarin Fury ya san ba wannan ne karo na farko da ya ce ya ajiye safa ba, kuma ganin irin kuɗin da Saudiyya take zubawa a dambe ta hannun jami'inta mai shirya manyan wasanni, Turki Alalshikh, ban cire rai da ganinsu a fage ɗaya ba.

Ni zuciyata tana wajen Joshua, ba zan ɓoye ba, domin asalin iyayensa Shagamu ne a jihar Ogun, kuma yana alfahari da Najeriya a duk inda ya shiga. Babbar hujjata ita ce Francis Ngannou, zakaran kokawa da dambe na cikin keji wanda ya shigo boksin: ya kai Fury ƙasa a turmi na uku a watan Oktoban 2023, da ƙyar Fury ya sha da maki, kan alƙalai ma a rabe, amma bayan wata huɗu da 'yan kwanaki Joshua ya shimfiɗe shi a turmi na biyu. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sanin wannan wasa su bayyana mana wanda suke ganin zai yi nasara, ta wace hanya, kuma bisa wane dalili.

Malam Na-Gwale:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ni a ganina Fury ne zai yi nasara da maki bayan turmi goma sha biyu, kuma zan fara da hujjar da ka kawo, domin ita ce mutane da yawa suke dogara da ita. Ngannou ba ma'auni ba ne. Daren da ya kara da Fury shi ne dambensa na farko a boksin, babu wanda ya taɓa ganin yadda yake tsayawa ko yadda yake kai naushi da safar wannan wasa, kuma ga duk alamu Fury ya raina shi, ya shiga fage da jiki a sake. Joshua kuwa ya samu turmi goma cif na bidiyo ya nazarta, ya ga inda mutumin yake barin fuskarsa a buɗe, ya shiga ya yi aikinsa. Hakan ya nuna Joshua yana da naushi, wanda dama babu mai musun hakan, amma bai nuna cewa zai iya samun Fury da wannan naushin ba.

Idan ana so a gwada su da abokan karawa da suka yi tarayya a kansu, to a ɗauko tsohon zakaran duniya Wladimir Klitschko. A watan Nuwamban 2015 Fury ya bi shi har birnin Dusseldorf a Jamus, lokacin da mutumin ya shafe fiye da shekara goma ba a doke shi ba, ya hana shi sakin hannu har turmi goma sha biyu, ya karɓe kambuna ba tare da ya sha wani naushi na a zo a gani ba. A watan Afrilun 2017 Joshua ya kara da Klitschkon da ya kai shekara 41, wanda kuma bai yi dambe ba tun daren Dusseldorf, amma duk da haka sai da Joshua ya sha ƙasa a turmi na shida, ya yi ta neman numfashi, kafin ya farfaɗo ya gama da shi a na goma sha ɗaya. Damben Joshua ya fi daɗin kallo, na Fury ya fi nuna gwaninta.

Sannan a duba jiki. Tsayin Fury santimita 206 ne, na Joshua 198. Tsawon hannuwan Fury a miƙe santimita 216, na Joshua 208. Joshua ya saba da kasancewa shi ne dogo a fage, yana tsayar da abokin karawa daga nesa da zungurar hagu, sannan ya biyo da dama. A gaban Fury wannan tsari zai juye, shi ne zai zama mai neman hanyar shiga, kuma ba mu taɓa ganin ya ƙware a wannan ba. Fury yana yawan yaudara da kafaɗa da ƙafa, ya yi kamar zai kai naushi ya fasa, kuma irin wannan yaudara ce ta sa Joshua ya riƙa tsayawa yana tunani a gaban Usyk a filin Tottenham a 2021, maimakon ya kai hari. Idan kuma Joshua ya samu ya matso, Fury zai rungume shi ya ɗora masa nauyinsa a wuya, kamar yadda ya yi wa Wilder a Las Vegas a watan Fabrairun 2020 har ƙafafunsa suka mutu, aka jefa masa tawul a turmi na bakwai. Mutum mai nauyin fiye da kilo 120 idan ya yi ta kwanciya a kanka turmi bayan turmi, ƙarfin naushinka ba zai kai turmi na takwas ba, musamman ga mai murɗaɗɗen jiki irin Joshua, wanda dama an san shi da saurin gajiya a tsakiyar wasa.

Baban Hafsat:

Malam, bayaninka ya yi kyau, amma Furyn da ka siffanta na 2015 ne da na 2020, ba shi ne zai shiga fage yanzu ba. An haifi Fury a watan Agustan 1988, Joshua a watan Oktoban 1989, shekarunsu kusan ɗaya ne, amma jikinsu bai sha wahala iri ɗaya ba. Fury ya yi fiye da shekara biyu ba ya dambe bayan Klitschko, ya yi ƙiba mai yawa, ya dawo ya rage ta, sannan ya kara sau uku da mutumin da ya fi kowa ƙarfin hannun dama a zamaninsa, wato Wilder. A karawarsu ta uku kaɗai, a watan Oktoban 2021, sau biyu ya faɗi a turmi na huɗu. Ɗan dambe ba ya fita daga irin wannan dare yadda ya shiga, ko da kuwa shi aka ɗaga wa hannu.

Tun daga wannan lokaci ƙafafunsa ba su koma yadda suke ba. A koma a kalli turmi na tara a karawarsa ta farko da Usyk a Riyad, a watan Mayun 2024. Naushin hagu ɗaya ya same shi, sai ga shi yana tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, hannuwansa a ƙasa, Usyk yana binsa da duka, har igiya ta tare shi a kusurwa alƙalin wasa ya shiga ya fara ƙirga masa, ƙararrawa ta cece shi. Usyk daga ajin da ke ƙasa ya hauro, kuma ba a san shi da kisa da naushi ɗaya a ajin masu nauyi ba. Idan naushinsa ya yi wa Fury haka, ina ga hannun daman Joshua, wanda a cikin nasarori 28 da ya samu zuwa ƙarshen 2024 guda 25 kisa ne?

Kuma ba yau aka fara samun Fury da hannun dama ba. Steve Cunningham, wanda ko kusa bai kai shi girma ba, ya kai shi ƙasa a turmi na biyu a 2013 da dama mai saukowa daga sama. Wilder ya kai shi ƙasa sau huɗu a karawarsu uku. Wilder ba ya da komai sai wannan hannun daman, yana wurga shi ne kawai yana fatan dace. Joshua kuwa ɗan dambe ne da aka koyar tun daga tushe, wanda ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012, yana haɗa naushi uku ko huɗu a jere, yana dukan ciki, yana kuma da naushin da ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, wanda da shi ya karya lagon Klitschko a turmi na goma sha ɗaya. Mai rungumar da yake sunkuyar da kai, wannan naushin ne maganinsa.

Akwai wani abin da ba a cika ambatawa ba, wato Ben Davison. Shi ne ya horar da Fury lokacin da ya dawo a 2018, yana kusurwarsa a karawar farko da Wilder da kuma ta Otto Wallin, daga baya kuma ya koma horar da Joshua a ƙarshen 2023. Babu wanda zai fi shi sanin inda Fury yake kauce wa naushi da lokacin da yake satar hutu a cikin turmi. Wallin ɗin nan ma abin lura ne: ya tsaga wa Fury saman idon dama a 2019 har sai da aka yi masa ɗinki 47, ya kai shi turmi goma sha biyu, amma a hannun Joshua turmi biyar kawai ya yi aka tsayar da wasan. Hasashena shi ne Joshua zai yi kisa kafin a wuce turmi na bakwai.

Dattijon Kawo:

'Ya'yana, na karanta bayananku duka biyun, kuma kowannenku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Na yarda da Baban Hafsat cewa Joshua zai samu Fury da dama, har ma ina ganin zai iya kai shi ƙasa a turmin farko-farko. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa wasan zai ƙare a nan. A damben gargajiya namu, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, sai kiɗa da kirari. A boksin kuwa ana ba wanda ya faɗi ƙirgen goma, kuma abin da ya biyo bayan wannan ƙirge shi ne zai raba gardama tsakanin mutanen nan biyu.

Ku duba tarihin Fury. Sau takwas aka yi masa ƙirge a rayuwarsa ta dambe, daga Neven Pajkic a 2011 zuwa Usyk a 2024, kuma ba a taɓa tsayar da wasa a kansa ba. A turmi na goma sha biyu a Los Angeles, a watan Disamban 2018, Wilder ya same shi da dama ya biyo da hagu, ya faɗi rigingine bai motsa ba, Wilder har ya fara rawa, sai ga mutumin ya miƙe kafin a kai goma, kuma kafin a buga ƙararrawa shi ne yake kai hari. Ko daren Usyk da aka kawo misali da shi, ya fito turmi na goma da ƙafafunsa, ya ƙarasa wasan, har alƙali ɗaya ya ba shi nasara da 114 da 113.

Yanzu ku duba tarihin Joshua, ku lura da lokacin da masifa take samunsa. A New York, ranar 1 ga Yunin 2019, shi ne ya fara kai Andy Ruiz ƙasa a turmi na uku. Da Ruiz ya tashi sai Joshua ya afka masa domin ya gama, ya tsaya gaba da gaba da mutumin da ya fi shi saurin hannu, naushin hagu ya same shi a gefen kai, kuma daga nan bai sake dawowa hayyacinsa ba har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai, bayan ya faɗi sau huɗu. Da Klitschko ma haka aka yi: ya kai shi ƙasa a turmi na biyar, ya zubar da duk ƙarfinsa wajen neman kisa, kafin turmin ya ƙare shi ne yake jingine da igiya, a na shida kuma ya faɗi. Daren Dubois kuwa, duk da faɗuwar da ya yi tun a turmi na ɗaya, a turmi na biyar ya samu Dubois da dama mai kyau, ya ga ya ja da baya, sai ya bi shi yana shirin kai naushi daga ƙasa, haɓarsa a buɗe, Dubois ya tare shi da gajeriyar dama, wasan ya ƙare.

Sau uku ke nan, a manyan darare uku, kuma salon ɗaya ne. Joshua ya fi shiga haɗari a daidai lokacin da ya ji wa abokin karawarsa ciwo. To ga shi za a haɗa shi da mutumin da ya fi kowa a wannan zamani iya farfaɗowa bayan ya faɗi. Abin da nake hange shi ne Joshua zai girgiza Fury tsakanin turmi na uku da na biyar, zai zuba duk abin da yake da shi, Fury zai rungume shi ya tsira, daga turmi na bakwai kuma wasan zai koma hannunsa. Ina ba Fury nasara ta hanyar tsayar da wasa tsakanin turmi na tara da na goma sha ɗaya. Ina faɗin haka ne da nauyin zuciya, domin yaron nan yana da ladabi kuma ina ƙaunarsa.

Maman Yusra:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in ƙara abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko shi ne alƙalin wasa, domin dabarar runguma da Malam Na-Gwale ya bayyana ba ta aiki sai alƙali ya ƙyale. Idan aka samu mai saurin raba su, wanda zai gargaɗi Fury a kan danne wuya har ya rage masa maki, kamar yadda aka rage masa maki ɗaya a turmi na biyar a karawarsa ta biyu da Wilder, to rabin shirinsa ya rushe. Na biyu shi ne idon nan na dama. Ba a daren Wallin kaɗai ya tsage ba, ya sake tsagewa a wajen atisaye a farkon 2024, wanda hakan ne ya sa aka ɗage karawarsa da Usyk daga Fabrairu zuwa Mayu. Fatar da aka ɗinka sau biyu ba ta da wuyar buɗewa, kuma zungurar hagun Joshua a daidai wannan gefen take sauka. Likita yana iya tsayar da wasan ko da Fury yana gaba da maki.

Ɗan Sabongari:

Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Maganar Baba ta tsaya mini a rai. Baban Hafsat, shin akwai wasan da Joshua ya ji wa mutum ciwo kuma ya yi haƙuri bai afka masa ba, ko kuwa wannan hali ne da ba ya rabuwa da shi?

Baban Hafsat:

Akwai, ɗan'uwa, kuma ina roƙon Baba ya yi mini uzuri in kawo su. A watan Disamban 2020 Joshua ya kai Kubrat Pulev ƙasa a turmi na uku, ya ga mutumin da sauran ƙarfinsa, sai ya ja da baya ya koma zungura, ya jira har turmi na tara kafin ya gama da shi da naushin ƙasa da kuma dama. A karawarsa ta biyu da Ruiz a Diriyya, wata shida kacal bayan abin da ya faru a New York, ya tsaga masa gefen ido tun a turmi na ɗaya, amma bai bi jinin ba, ya yi turmi goma sha biyu yana zagaya fage yana duka daga nesa har ya karɓo kambunansa. Da Ngannou ma, bayan faɗuwar farko a turmi na ɗaya bai yi gaggawa ba, ya auna nisa, ya jira turmi na biyu. Saboda haka haƙurin yana nan a jikinsa, sai dai yana zuwa masa ne idan yana jin tsoron abokin karawa ko yana girmama shi. Ruiz na farko ya shigo ne a madadin wani 'yan makonni kafin wasa, Joshua bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Daren Dubois kuma an riga an ji masa ciwo tun turmin farko, yana ganin idan bai yi kisa a lokacin ba babu wata dama. Fury kuwa mutum ne da ya shafe shekaru yana jiran haɗuwa da shi, ba zai raina shi ba.

Inda na yarda da Baba shi ne, idan aka kai turmi na takwas Fury yana tsaye kuma idonsa lafiya, to wasan nasa ne, domin ko a Jidda a 2022, bayan Joshua ya takura wa Usyk da dukan ciki a turmi na tara, bai da abin da zai ƙara a na goma, Usyk ya dawo ya mamaye shi. Amma ban ga alamar Furyn yau zai kai turmi na takwas lafiya ba. Abin da Joshua yake buƙata shi ne ya fara da dukan ciki domin ya sauke hannuwan Fury, ya ƙi yarda a ja shi tsakiyar fage ana wasan yaudara, idan kuma ya kai shi ƙasa ya dawo da zungura maimakon ruwan naushi, ya bar faɗuwa ta biyu ta zo da kanta. Ina nan a kan bakana: Joshua, a turmi na shida ko na bakwai.